TSAKANIN DAJI DA GONA: DARASI DAGA GORO DA SAURAN TSIRRAI MASU TASIRI A KAN ƘWAƘWALWA

Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya

 

GABATARWA

Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan dangantakar da ke tsakanin ɗibar tsirrai daga daji da kuma shuka su a gona. Na zaɓi in ɗauki misalaina daga tsirran da ke da tasiri a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam, saboda su ne suka fi kowane irin tsiro shan matsi. Abinci yana da iyaka, in ciki ya cika sai hannu ya tsaya. Amma abin da jiki ya saba da shi, kamar goro ko shayi, ana nemansa yau, a kuma neme shi gobe, ko ya yi tsada ko ya yi araha. Don haka duk abin da zai sami dukiyar daji idan kasuwa ta buɗe mata baki, a kan irin waɗannan tsirrai yake fara bayyana.

Tsirran nan iri biyu ne. Akwai masu wartsakar da jiki su kore barci, irin su goro, kofi da shayi, waɗanda sinadarin kafeyin ke aiki a cikinsu. Akwai kuma masu gusar da hankali, waɗanda addininmu ya haramta, dokar ƙasa ma ta hana da yawa daga cikinsu. Zan ambaci biyu daga wannan kashi na biyu, waɗanda ke tsirowa a wasu ƙasashe, domin mu ɗauki darasi daga abin da ya same su, tun da an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

GORO: DAGA KURMI ZUWA GONA

Babu Bahaushen da ke buƙatar a gabatar masa da goro. Da shi ake ɗaurin aure, da shi ake raɗin suna, har ma kyautar da ake ba wanda ya kawo albishir goro ake kiranta. Abin lura shi ne itacen ba ya yi a yawancin ƙasarmu, domin ɗan kurmi ne mai son ruwa da inuwa. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, a zamanin Sarki Abdullahi Burja. Daga baya Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara a wannan fatauci. Ayari kan tashi a ƙarƙashin madugu da jakuna ɗauke da kanwa, fatu da tufafi, a shafe watanni kafin a isa kasuwar Salaga da ke arewacin ƙasar Gana ta yau, inda ake haɗuwa da goron da aka kawo daga kurmin Asante.

Yawancin wancan goro daga itatuwan da suka tsiro da kansu yake fitowa. Mutanen kurmi kan tsinci kwanson da ya faɗo ko su tsinko shi, idan kuma za su sare daji don noma sai su ƙyale itacen goro a tsaye. Wannan fatauci ya ɗauki ɗaruruwan shekaru bai ƙarar da itacen ba, domin abin da ake ɗauka 'ya'ya ne. Itacen da aka tsinke 'ya'yansa bana zai sake yin wasu baɗi.

A ƙarshen ƙarni na 19 al'amura suka sauya. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, yaƙin basasa kuma ya wargaza Salaga a 1892. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Legas, layin dogo kuma ya iso Kano a 1911. Buƙata ta ƙaru ƙwarai saboda goro ya sauka daga hannun sarakuna da attajirai ya shiga aljihun talaka. A wannan lokaci ne manoman ƙasar Yarbawa, a wurare irin su Agege, Ota da Shagamu, suka rungumi shuka irin goron da Bahaushe ke so, wanda har yau suke kira gbanja, wato goron Gwanja. Sukan jira shekara shida zuwa bakwai kafin itacen ya fara 'ya'ya. Wannan haƙuri nasu ne ya sa Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace noman goro a duniya, kuma tun 1964 akwai cibiyar binciken koko a Ibadan wadda goro na cikin amfanin gonar da take kula da su. Marsa da minu da daushen da muke saye a ƙwarya ko a huhu, kusan duk daga gonar wani suke fitowa.

To, a kan faifan mai goron nan akwai namijin goro, wanda duk da sunansa ba danginsa ba ne. Shi har yanzu yawancinsa daga daji ake samo shi. Irinsa yana da jinkirin tsirowa, ga shi kuma ana sare itacen da saiwarsa domin yin asuwaki a kudancin Nijeriya da Gana. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazana. Abu biyu a kan faifai ɗaya, ɗaya ya sami mai shuka shi ya yawaita, ɗayan an bar shi ga duk wanda ya riga isa, yana ta raguwa.

IBOGA A ƘASAR GABON

Misali na biyu yana tsakiyar Afirka. A kurmin Gabon da maƙwabtanta akwai wani ɗan itace da ake kira iboga, wanda tsawonsa ba ya cika wuce na mutum da yawa ba. Mabiya al'adar Bwiti suna cin ɓawon saiwarsa a bukukuwansu na gargajiya tun kaka da kakanni. A 1901 masana a Faransa suka tace sinadarin da ke cikinsa, aka ba shi suna ibogen. A 1962 wani Ba'amurke mai suna Howard Lotsof, wanda ke fama da jarabar hodar ibilis ta heroyin, ya ba da labarin cewa bayan ya sha sinadarin sai sha'awar ƙwayar ta ɗauke masa. Daga nan aka fara buɗe wuraren jinya a ƙasashe daban-daban da ke amfani da shi, duk da cewa yana iya rikita bugun zuciya, an kuma sami waɗanda suka mutu ta dalilinsa.

Matsalar ita ce maganin a saiwa yake. Mai ɗiba don gida yakan tona gefe ɗaya, ya yanki kaɗan, ya mayar da ƙasa. Mai ɗiba don kasuwar waje kuwa tumɓuke itacen yake yi gaba ɗaya, alhali yana ɗaukar shekaru kafin ya ƙosa. Sannu a hankali iboga ya yi tsada har ya fara gagarar mutanen da suka gaje shi. Gwamnatin Gabon ta ayyana shi a matsayin dukiyar gado ta ƙasa a shekarar 2000. A 2011 ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta tanadi cewa duk wanda zai ci ribar tsiron wata ƙasa ko ilimin mutanenta, sai ya nemi izini ya kuma raba amfanin da su. A 2019 ta dakatar da fitar da iboga na daji. Wasu ƙauyuka sun fara dasa shi a gonaki, amma buƙatar ma ƙaruwa take yi: a 2025 jihar Teksas ta Amurka ta ware dala miliyan 50 domin binciken ibogen.

FEYOTI A AMURKA DA MEKZIKO

Misali na uku ya fi nisa, na kuma kawo shi ne domin a nan aka fi yin muhawara a kan tambayar da ke gabanmu. Feyoti wani ɗan tsiro ne marar ƙaya, mai kamar gauta a girma, da ke fitowa dab da ƙasa a busassun yankunan kudancin Teksas da arewacin Mekziko. 'Yan asalin waɗannan ƙasashe, wato mutanen da Turawa suka tarar, suna amfani da shi a ibadunsu. A Amurka sun yi rajistar majami'arsu a 1918, dokar da aka gyara a 1994 kuma ta tabbatar musu da izinin amfani da shi a ibada, ban da sauran jama'a.

Feyoti na daji kan kai shekara goma ko fiye kafin ya girma. Idan aka yanke kansa daidai da doron ƙasa aka bar saiwar, zai sake tohowa. Idan wuƙa ta yi zurfi, ko aka tono shi, shi ke nan. Bincike ya nuna cewa ko an yanka shi daidai, komawa kansa bayan shekara biyu yana raunana shi. Ga masu ɗiba da ake biya gwargwadon yawan abin da suka kawo, ga masu filaye da ke kaftar daji da manyan motoci domin kiwon shanu, ga baƙi masu neman maye. Shi ma IUCN ta sanya shi cikin masu fuskantar barazana.

Wasu suka ce mafita ita ce a rene shi a lambu, inda yake girma cikin 'yan shekaru. Dattawa da yawa daga cikin masu shi suka ƙi, suka ce tsiron da aka raba da ƙasarsa ya rasa alfarmarsa, kuma idan kowa ya sami na lambu babu wanda zai ƙara damuwa da dajin. Matakin da aka ɗauka a 2017 ya haɗa ra'ayoyin biyu: ƙungiyoyinsu sun mallaki fili mai faɗin eka 605 a kudancin Teksas, inda suke renon ƙananan tsirrai su mayar da su daji, suna kuma koya wa matasansu yadda ake yanka. Lokacin da jihar Kolorado ta sassauta dokarta a kan wasu tsirrai masu gusar da hankali a 2022, ta cire feyoti daga ciki saboda ƙorafin waɗannan mutane.

ABIN DA MISALAN KE KOYARWA

Jama'a masu sauraro, idan muka jera waɗannan labarai za mu ga cewa tambaya uku ce ke nuna ko tsiro zai jure ɗiba daga daji. Ta farko, wane sashe nasa ake ɗauka? 'Ya'ya da ganye suna dawowa, ɓawo yana warkewa idan an yi hattara, saiwa kuwa ita ce ran tsiron. Ta biyu, shekara nawa yake ɗauka kafin ya maye gurbin abin da aka cire? Ta uku, akwai wanda zai ce wannan nawa ne, ya hana a taɓa? Goro ya tsira a dukkan ukun. Iboga da feyoti sun faɗi a dukkan ukun.

Wannan zai iya sa mutum ya ce ai sai a koma gona kawai, a manta da daji. Tarihin kofi ya nuna kuskuren wannan tunani. Amfanin gona yakan fito daga iri kaɗan da aka yi ta maimaitawa, shi ya sa cuta ɗaya ke iya share shi. A 1869 wata cutar ganye ta ɓulla a gonakin kofi na tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, cikin 'yan shekaru ta durƙusar da noman, har manoman suka koma shayi. Idan irin haka ta faru, masana kan koma wurin dangin tsiron na daji su nemi wanda ke jure cutar. Asalin kofin Arabika yana dazuzzukan tsaunukan Habasha, kuma binciken da masanan lambun Kew na Ingila suka fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 60 cikin 100 na nau'o'in kofin daji 124 suna fuskantar ɓacewa. Daji shi ne rumbun iri. Manomin da ya cinye irinsa ya san abin da zai tarar da damina.

Akwai kuma iyaka ta shari'a da ya wajaba in faɗa a fili, musamman ga matasanmu. Kiran da nake yi na shuka bai shafi kayan maye ba. Noman tabar wiwi laifi ne da hukumar NDLEA ke kamawa a kai tun kafa ta a 1989. Zaƙami kuwa, da ke fitowa da kansa a juji da kangwaye, ba ya buƙatar kariyar kowa, yaranmu ne ke buƙatar a kare su daga gare shi.

INA MUKA DOSA A NAN GIDA?

Ba mu da iboga, ba mu da feyoti, amma halin da ya cinye su yana nan a dajinmu. Ku dubi sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna. Saiwarta masu magani ke nema domin ciwon kai, farfaɗiya da wasu cututtuka, ga shi kuma tana da wuyar dasawa. Ku dubi maɗaci, wanda da wuya ka ga babba a bakin hanya ba a sassaƙe shi ba. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, saboda haka duk itacen da aka zagaye da sassaƙa an yanke masa maƙogwaro, ko da zai yi shekara guda a tsaye. Ku tuna da madobiya, yadda aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin daga jihohi irin su Taraba da Kogi, har sai da aka sanya ta cikin yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin halittu a 2017.

A da, mai magani yakan shiga daji da ɗan gatarinsa ya ɗebi na majinyaci ɗaya ko biyu, ga Sarkin Dawa da malaman daji na En'e suna sa ido. Yanzu buhu-buhu ake lodawa a mota. Ina ake kai su? Biranen da muke zaune. Mu ne muke aiko da saƙo a haɗo mana sassaƙe da saiwa, mu ne muke sayen garin magani a tasha da bakin masallacin Juma'a. Dillalin da ke biyan yaro kuɗi kaɗan ya tono masa buhu guda, kuɗinmu yake juyawa.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna cewa gyara mai yiwuwa ne. Tun daga 1983 manoman yankin Maraɗi suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututturen da ke tohowa a gona, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a rene su. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin da ya ƙarfafa aikin shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya rena nasa ne.

SHAWARWARI

A kan haka nake miƙa wa wannan ƙungiya shawarwari guda biyar.

1. A kafa ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi masu maganin gargajiya, mafarauta, makiyaya da malaman makaranta, su rubuta sunayen tsirran da a da ake samu kusa da gari amma yanzu sai an yi tafiya mai nisa. Dattawan da suka san su suna ƙarewa.

2. A roƙi mai girma Hakimi da ƙaramar hukuma su keɓe wani yanki na dajin gari, a raba shi kashi-kashi, a riƙa buɗe ɗaya ana hutar da sauran, kada kuma baƙo ya ɗebi na sayarwa sai da izini.

3. A amince da ƙa'idar ɗiba da kowa zai sani: a sassaƙi ɓawo a tsaye ta gefe ɗaya, kada a zagaye itace, a yanki saiwar gefe a bar uwar, a mayar da ƙasa, a ƙyale ƙananan tsirrai da masu fure, inda ganye zai yi aiki kada a taɓa saiwa.

4. Ƙungiya ta ɗauki nauyin lambun renon itatuwa a makarantar sakandaren garinmu, da rijiya da shinge da mai gadi, a raba dashe ga masu magani su dasa a gonakinsu. Kowane reshe na birni zai iya ɗaukar nauyin wani sashe.

5. Mu mazauna birni mu riƙa tambayar mai sayarwa inda ya samo kayansa, mu kuma yarda mu ƙara kuɗi a kan wanda aka shuka. Wanda ke da gonar gado da ya bari a hannun 'yan'uwa, ya sa a bar masa itatuwan da ke tohowa a cikinta.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, itacen maɗaci da za a dasa a daminar bana sai yaran da ke firamare yanzu sun yi aure kafin ya isa sassaƙa. Wannan jinkiri shi ne dalilin da ya sa bai kamata a ɗage maganar zuwa taron baɗi ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Manoman Agege da Shagamu sun jira shekara bakwai, yau jikokinsu ne ke sayar mana da goro. Ina fata kafin mu watse za a karanta sunayen 'yan kwamitin da za su fara wannan aiki, a kuma faɗi ranar zamansu na farko.